Masu Digiri a Ƙasar 'Yan Biɗa

Wanda ya bi kwalta daga Birnin Ƙonni ya nufi gabas cikin watan Maris, hancinsa ne zai fara gaya masa inda ya iso. Da an wuce mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta ɓalle ta yi arewa, aka bar masana'antar siminti ta Malbaza a baya, sai warin albasa ya cika mota. A Galmi buhuna ne jibge hagu da dama, an cika su har sun yi tozo, manyan motoci sun jeru suna jiran lodin Abijan da Akra da Kumasi. Daga nan zuwa Madawa ba nisa, kuma duk inda ka hango kore cikin wannan rani, to injin ban-ruwa na ƙugi a gefensa.

Yankin nan, tun daga Gobir Tudu har cikin duwatsun Adar, ƙasar tafiya ce. Dutse ya fi ƙasar noma yawa, damina ba ta da tabbas, saboda haka da an yanke gero an zuba a rumbu, maza ke ɗaukar jaka su tafi biɗa: Najeriya, Kodebuwa, Kamaru, Libiya, Aljeriya. Tafiyar kuma tana da tsarinta, ko da ba a rubuce yake ba. Yaron da bai taɓa shiga lakwal ba, in zai bar ƙauyensu, ya san tashar da zai sauka, ya san mai masaukinsa, ya san ɗan garinsu mai teburin shayi ko mai shago da zai karɓe shi. Kafin mako ya zagayo an ɗora masa tire, ko an ba shi kurar ruwa, ko an sama masa gadi. Ba da daɗewa ba tsohuwarsa za ta je ofishin aika kuɗi na Nita ko Al Izza ta karɓo aike.

Ni wasu 'yan biɗa na daban na zo nema: 'ya'yan yankin da suka ci jarrabawar bak suka tafi jami'o'in ƙasashen waje, wasu da gurbin gwamnati ta hannun hukumar ANAB, wasu da kuɗin lambun albasa, wasu da gumin wansu da ke Libiya. Ina son in ji da me suka riƙe kansu a can, da abin da suka tarar da suka dawo. Abin da na ji daga Madawa har Tamaske ya tsaya mini a rai. A duk masu barin gida a ƙasar nan, ɗalibi ne kaɗai ake turawa ba mai masauki, kuma shi aka fi zuba wa ido.

A Madawa na sami wani saurayi a rumfar da ake ƙirga buhunan albasar kwarin Tarka, babban littafi a cinya, wayoyi biyu a gabansa. Tattalin arzikin noma ya karanta a Sakkwato. Ga ɗan Madawa, Sakkwato ƙasar waje ce a takarda kawai: ka hau mota zuwa Ƙonni, ka tsallaka Illela, kafin la'asar kana birnin Shehu, kuma ba mai jin baƙon harshe a bakinka. A aji ne baƙunta take. Da Faransanci ya yi karatu tun daga firamare har lise, don haka shekararsa ta farko Turanci ya sha masa kai, sai da ya riƙa haddar darasi kafin ya fahimce shi.

Aiki kuwa bai taɓa neman izinin yinsa ba, ba a kuma taɓa tambayarsa ba. Duk hutun da ya zo gida, da kilishin Madawa yake komawa, wanda sunansa ya riga shi isa can, da tabarmin kaba na matan gari, ya sayar wa malamai da ɗalibai. Daga baya ya zama mai canjin 'yan uwansa ɗaliban Nijar: iyaye su turo sefa, shi ya san ranar da ta fi daraja a bakin iyaka. Da malaman jami'o'in Najeriya suka shiga yajin aikin 2022, wanda ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, sai kawunsa dillalin albasa ya ce a gidansa ba a zaman kashe wando, ya miƙa masa littafin lissafi.

Wahala ta fara ne ranar da ya karɓi sakamako. Abokan karatunsa suka tafi bautar ƙasa ta shekara ɗaya, wadda ta 'yan Najeriya ce kaɗai, kuma galibin sanarwar ɗaukar ma'aikata a can suna neman takardar gama ta. Ya juyo gida, aka ce sai an daidaita digirinsa da na Nijar, sai an fassara takardu, sai an kai dosiye Yamai a jira. Ko an daidaita, gasar shiga aikin gwamnati da Faransanci ake rubuta ta, shi kuwa duk kalmomin fanninsa da Turanci ya san su. Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, iyaka ta rufe har watan Maris na 2024, sannan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka. Hanyar da ya saba bi ba tunani ta koma sai an yi tambaya kafin a kama ta.

Yau Turancin nan shi ne jarinsa. 'Yan kasuwar Gana da shi suke magana, shi ke rubuta takardun lodi, shi ke bin bashin da aka ci a Akra. Na ji wani dattijo a rumfar yana cewa, cikin tausayi, yaro ya yi karatu mai zurfi ya dawo ƙirgar buhu. Ban yarda da wannan tausayin ba. Albasar da ake zubarwa da arha a Maris da Afrilu, sa'ad da kowa ya cire tasa, kan ninka kuɗinta sau da yawa kafin sabuwa ta fito, amma da yawa daga cikinta a rudu, ɗakin ajiyarta, take ruɓewa kafin lokacin. Wanda zai iya lissafa nawa za a ajiye, nawa za a sayar, wane irin ɗaki zai rage asara, wace kasuwa ce ta buɗe yau, babban ma'aikaci ne a garin da albasa ke ciyarwa. Abin da ya rasa jari ne na kansa, da kuma mutanen da za su kira abin da yake yi aiki.

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a nan. Marata, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, tana nan kusa da Galmi. Malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya je Makka sau biyu, ya zauna a Alƙahira ya karɓi ijaza a hannun Murtada az-Zabidi, kuma masana tarihi sun ce a wannan yanki na Madawa ya ƙare rayuwarsa. Almajiran da suka biyo baya, masu tafiya gabas, da ɗinkin hula da wanki da noman gonar malam suka ci da kansu, ba wanda ya ga aibin haka. Karatun boko ne ya zo da fahimtar cewa hannun ɗalibi ba ya taɓa ƙasa domin kujera na jiransa. Akwai kuma lokacin da hakan gaskiya ne. Ɗan Dandaji, Mahamadu Isufu, da ya karanta aikin ma'adinai a Faransa, ya dawo ya tarar da aiki a ma'aikatar ma'adinai da kamfanin uraniyum na Arlit tun kafin siyasa ta kai shi fadar shugaban ƙasa. A zamaninsu gwamnati ke tura ka, ita ke karɓarka. Wannan zamani ya tafi da tsuke bakin aljihun shekarun 1980 da 1990 da karyewar darajar sefa a Janairun 1994, amma iyaye da yawa a ƙauyukan nan har yau da lissafinsa suke sayar da saniya su tura yaro.

Hanyar Buza tana barin kwari ta hau tudu. Baƙin dutse, jar ƙasa, ƙauyuka manne a gindin tsaunuka da rumbunan laka masu ƙaton ciki. A motar da na shiga, in ka cire direba da yaransa, mata ne da tsofaffi da buhunan tabarmi. Mazan gari suna can inda suke.

Wani malamin makarantar faranko-arab ne ya sauke ni a Buza. A jami'ar Azhar ta Alƙahira ya yi karatu. Bayan isha'i, muna zaune a ƙofar gida, ya ce mini, "Malam, a Alƙahira mai jin Hausa da Larabci ba ya kwana da yunwa." Majinyata da 'yan kasuwa daga Kano da Maraɗi da Yamai suna sauka kullum, suna bukatar wanda zai tarbe su a filin jirgi, ya nema musu gida, ya tsaya tsakaninsu da likita, ya raka su kasuwa. Wasu ɗaliban na koyar da yara Alƙur'ani ta waya, wasu na sayen littattafai da abayoyi su aiko gida a sayar. Duk wannan a ɓoye ake yin sa, don takardar zaman ɗalibi ba ta ba da izinin aiki ba. In an cuce ka, sai dai ka bar wa Allah. Ya kuma faɗi abin da ya fi damunsa: aikin tafinta na da daɗin kuɗi, kuma ya ga waɗanda asibiti da kasuwa suka janye daga aji har shekarun karatunsu suka ninku, wasu ma ba su gama ba, kunya kuma ta hana su dawowa.

Shi ya gama, ya dawo. Makarantar faranko-arab ta farko a Say aka buɗe ta a 1957, jami'ar Musulunci ta Say ta fara karatu a 1986, ga masu dawowa daga Masar da Madina da Sudan kowace shekara. Amma ƙofar da aka buɗe wa duk wannan taro guda ce: koyarwa, mafi yawa da kwantaragi, sai limanci da wa'azi waɗanda ba su da albashi. Mutumin da ya yi shekaru yana karatun shari'a da wuya ya sami kujera a kotu ko a ofishin magajin gari, saboda Faransanci. Kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Ya yi murna da wannan, ni ma haka. Sai dai Larabcinsa ba ya cikin na aiki, kuma ya ce ranar da aka rubuta gasar shiga aiki da Hausa, ranar ce zai san canjin ya iso Buza. Ƙanensa ya fi shi shiga uku: yana karatu a Khartum yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya fito da ransa da jaka ɗaya, takardun karatunsa suna can. Yanzu yana arewa wurin haƙar zinariya.

Daga Buza na gangara kwarin Majjiya, inda layukan dogon yaro biyu-biyu suka ratsa gonaki. A 1975 aka fara dasa su da taimakon ƙungiyar CARE, don su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona, kuma ga su nan sun zama manyan itatuwa. A wani lambu a can na tarar da wanda labarinsa ya fi daɗe mini a zuciya, durƙushe bakin rijiya da sifana a hannu. Injiniyan ruwa ne, a Aljeriya ya yi karatu, ɗaya daga ƙasashen da suka fi ba 'yan Nijar gurbi, ita da Maroko.

Ɗaki da abincin jami'a a can masu arha ne. Amma in dogon hutu ya zo, kuɗin tallafi ya makara, kuɗin jirgi babu, sai ɗalibi ya nemi wurin gini. A wurin ginin ne ya haɗu da mutanen garinsu, waɗanda suka shigo ta Agadas da Asamaka ba takarda. Su suka nuna masa ɗan kwangilar da ke biya da wanda ke cinye haƙƙi, su suka raba shimfiɗa da shi, su suka rance masa kuɗin magani da ya yi rauni a ƙafa. Tsoronsu ɗaya ne, samame. Kowa ya san motocin da ke kwaso baƙi a zube su cikin hamada a bakin iyaka, su taka da ƙafa wajen kilomita 15 kafin su isa Asamaka. Katin ɗalibi na iya ceton mutum, amma bai ba shi izinin riƙe shebur ba, don haka in an kama ka a wurin gini, fitar da katin ma tona wa kai asiri ne.

Bai taɓa gaya wa mahaifinsa ba. Ya ce, "Baba zai ce, in leburanci ne, me ya hana ka bin yayyenka tun farko?" Wannan kunyar ce na fi jin zafinta a duk tafiyar. Domin a wurin ginin nan ya koyi haɗa bututu da hannunsa, ya koyi kwance famfo da mayar da shi, abin da aji bai ba shi ba, kuma abin da yake ci da shi yau. Ya dawo ya yi bautar ƙasa ta shekara biyu a wani ofishi, aka sallame shi da takardar yabo. Ya ajiye dosiye nan da can, ya jira gasa. Da ya gaji da zaman fada da shan shayi, sai ya haɗa kai da wani tsohon maginin rijiya. Tsohon ya san inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin kwarin, shi kuma ya san girman famfon da ya dace da yawan faifan hasken rana da zai ɗauke shi. Masu lambu na biyansu bayan an cire albasa ko tumatir. Ba kullum ake samu ba, wani lokaci bashi ke cin ribar. Amma bana ya ɗauki yara biyu yana koya musu.

Daga Buza zuwa Keita hanya ce mai cin taya da haƙurin fasinja. Tun kafin ka shiga gari za ka ga aikin hannun mutane a jikin tsaunuka: layukan dutse da aka jera don tare ruwa, ramuka, madatsai a bakin koramu, da itatuwa a inda a da faƙo ne. Wannan shi ne furojen Keita, wanda aka fara a 1984, shekarar babban fari, da kuɗin Italiya, hukumar FAO na jagorantar aiki, hukumar abinci ta duniya na biyan ma'aikata da abinci. An dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki dutsen nan a ka mata ne, domin maza suna wurin biɗa.

Wani tsoho da ya shugabanci ma'aikata a lokacin ya zaga da ni wata madatsa. Ya ce furojen makaranta ce ta biyu. Matasan injiniyoyi da masu ilimin daji da na gona, wasu daga Yamai, wasu daga waje, a nan suka fara ganin yadda ruwan sama guda ke tsaga gona ya bar rami, a nan suka koyi magana da manomi, daga nan kuma suka bazu suka riƙe wasu ayyukan a faɗin ƙasa. Da ƙofar gwamnati ta tsuke, furoje ne ya zama abin sa rai ga mai digiri. Amma furoje kuɗin wani ne. Bayan Yulin 2023 masu ba da tallafi da yawa sun dakata, a 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID. Farar motar da yara ke gani su ce in sun girma ita za su shiga ta yi wuyar gani a hanyoyin Keita.

A gidan tsohon na gaisa da 'yarsa, wadda ta karanta lissafin kuɗi a Maroko. Aikin da ɗalibi baƙo mai jin Faransanci ya fi samu a Kazabalanka da Rabat shi ne na cibiyoyin amsa waya, inda kamfanonin Faransa ke kawo hidimar abokan cinikinsu don arha. Ta yi shi da yamma bayan darasi, da sunan aro na Turawa, tana lallashin mutanen da ba ta taɓa gani ba a kan kuɗin waya da inshora. Da shi ta biya haya, da shi ta sayi kwamfuta. Da ta gama, ta so a ɗauke ta a kan doka, sai ta tarar dole mai kamfani ya fara nuna cewa ba ɗan Maroko da zai iya aikin. 'Yan Senegal da Tunisiya da Aljeriya ne yarjejeniya ta ɗauke wa wannan sharaɗi, ban da ɗan Nijar. Ga kuma kiran gida, wanda a kan 'ya mace ya fi ƙarfi da sauri. Ta dawo.

Ita ce ta nuna mini wani ɓangaren matsalar da ban ji daga bakin mazan ba. Kowace sanarwar aiki da ta gani tana neman wanda ya taɓa aiki shekara biyu ko uku. Ita kuwa ta yi, har fiye, amma ba takarda, ba hatimi, ba wanda za a kira ya shaide ta. Haka tafintan Alƙahira, haka mai canjin Sakkwato, haka leburan Aljeriya: duk sun yi aikin da ya koya musu mu'amala da kuɗi da mutane, kuma duk aikin ya ɓace ranar da suka hau jirgi ko mota. Mahaifinta ya ce ga rijiya ga ruwa, guga ne babu. Yanzu ita ke riƙe wa ƙungiyoyin asusun mata lissafi, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a Nijar a 1991, tana kuma shirin gasa. Matan na ba ta abin da ya sawwaƙa. Na duba littattafanta. Na ga shagunan manyan 'yan kasuwa da ba su da rabin wannan tsabta.

Tamaske tana kan hanyar Keita zuwa Tawa, kuma da ka shiga za ka san garin fatake ne. Gidajen siminti da manyan masallatai, da kuɗin Najeriya da Kodebuwa da Kamaru aka gina su. Na sauka wurin wani Alhaji mai shaguna a ƙasashe biyu, wanda ɗansa ke karatun digiri na biyu a Faransa. Ya kira shi ta WhatsApp ya miƙo mini waya.

A can doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki har awa 964 a shekara. Ingila awa 20 ta ba shi a mako lokacin karatu, Kanada 24. Mafi ƙarancin ladan awa ɗaya a Faransa ya haura yuro 11 kafin a cire haraji, yuro ɗaya kuma sefa 656 ce, wato aikin awa shida ya wuce sefa 42,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashin wata a Nijar tun Janairun 2024. Ya ce wannan lissafin kowane ɗan uwa a gida ya iya shi, shi ya sa wayarsa ba ta hutawa. Abin da ba a lissafawa shi ne kuɗin ɗaki, da tashi da asuba cikin sanyi a jera kaya a sito, a wuce aji da barci a ido. In ya gama za a ba shi shekara ɗaya ya nemi aikin da ya dace da karatunsa. In bai samu ba, takardar zama ta ƙare. Ƙannensa ma ba su sami wannan damar ba. Tun 2023 Faransa ta daina ba da biza a Yamai, a farkon 2024 ta rufe ofishin jakadancinta. Masu tasowa sun juya Turkiyya da Rasha da Sin da Indiya da Maroko, ko sun tsaya gida, a jami'ar Tawa da aka sa wa sunan Jibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar, ko a Maraɗi, inda 'yan Najeriya ke tsallakowa jami'ar Maryam Abacha su zama su ne baƙin.

Da muka ajiye waya na tambayi Alhaji yara nawa ya sauke a gidajensa na waje tun da ya fara fatauci. Ya ce Allah kaɗai ya san adadinsu. Wasu yanzu sun fi shi dukiya. Na ce ɗalibai fa? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan lakwal ba ya zuwa wurinmu, Malam. Mu ma in ya zo ba mu san abin da za mu ba shi ba."

Na ce, ranka ya daɗe, kuna da abin ba shi. Fataken Adar suna ɗauko kaya daga Dubai da Sin, suna fama da takardun kwastan na ƙasa uku, suna biyan baƙi su rubuta musu wasiƙa da Turanci ko su duba musu yarjejeniya, alhali ga 'ya'yan garinsu a biranen nan suna wanke kwanoni a ɓoye. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke tara kuɗin gina masallaci, da na jinyar wanda ciwo ya kama a baƙon wuri, ba abin da zai hana su san ɗalibi nawa suke da shi a Kano ko Abijan ko Kazabalanka ko Alƙahira, da abin da kowanne ke karantawa. Ɗan kasuwar da ke da rajista zai iya ɗaukar ɗalibi lokacin hutu ya riƙe masa lissafi, ya biya shi, sannan ya ba shi takarda mai hatimi da za ta shiga dosiye. Wannan takardar ba ta ci masa komai ba, rashinta ne kuma ya hana 'yar Keita aiki. Gwamnati ma da nata: bai kamata ɗan Buza ya ci bashin kuɗin mota da masauki a Yamai don a daidaita masa digiri ba, alhali ga jami'a a Tawa. Iyaye kuma su sauke wa yaran nan kunya. Wanda ya ɗauki bulo don ya gama karatu bai zubar da girman gidansu ba.

Alhaji bai amsa duka ba. Ya ce maganar hatimi sai ya tambayi mai yi masa takardun haraji, kada ya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ya ce wasu masu digirin girman kai ke hana su zama ƙarƙashin wanda bai yi boko ba. Ya ga haka da idonsa. Wannan ma gaskiya ce, ban musa ba. Amma ya ce zai ɗaga zancen in fatake sun dawo gida da Babbar Salla. Kafin in hau motar Tawa ya sa na kira injiniyan Majjiya da 'yar Keita na nemi izininsu, yaronsa ya rubuta lambobinsu. Yana da lambu da famfonsa ya mutu tun bara, yana kuma da shaguna uku da ba a taɓa haɗa lissafinsu wuri ɗaya ba.